Jemage Mai Ƙafa Huɗu

Da kuɗin sallamata na saye ta.
Shekara talatin da biyar ta zaman akawu a Kongo
na ƙulle a jaka guda, na miƙa wa dillali a Kwangila.
Ya ce, "Baba, ba jif ba ce, ba kuma ƙaramar mota ba."
Na ce, "Jemage ke nan."
Ya yi dariya, ya ƙirga kuɗinsa sau biyu.

A ba ta haƙƙinta: tana da kunya.
Injinta ba ya ɗaga murya,
kamar sabon suruki a zaure.
Ka ja ƙofa, hayaniyar Sabon Gari ta koma hoto,
'yan acaɓa na buɗe baki, kai ba ka jin komai.
Kujerar fata ta san bayana fiye da katifata.
Ranar da ruwan Agusta ya cinye hanyar Gyallesu,
ƙananan motoci suka tsaya suna tari,
ita ko ta tattare zani ta haye.

Sai dai ciki gare ta.
Ƙofar Doka zuwa Samaru, je ka dawo,
allurar mai ta sunkuya kamar mai neman gafara.
Yaron gidan mai ya haddace sunana,
har jikoki yake tambaya.

Ga raki.
Akuya ta gifta, ƙara. Kaza ta gifta, ƙara.
Na kutsa da ita lungunmu na Unguwar Juma,
ta dinga tsuwa kamar za a yanka ta,
katanga dama, katanga hagu,
madubi ya bar fentinsa a bangon Malam Jatau.
Yanzu a bakin masallaci take kwana,
ni in ƙarasa gida da ƙafa, kamar dā.

Wanda ya ƙera ta bai san bazara ba:
ya sa wa kujera wutar ɗumama mazaunai.
Na taɓa maɓallin bisa kuskure ran wata Juma'a,
na fito kamar gurasa daga tanderu.

Mai tumatir a Tudun Wada na hango ta,
kwano ya ƙara kuɗi.
Jikan ƙanen kakata ya tuno da zumunci.

Sai wata fitila ta kunna kanta, ruwan ɗorawa.
Ilu makanike, mai gane ciwon Fijo da kunne,
ya zagaya ta sau uku, ya goge hannu a tsumma,
ya ce, "Wannan sai kwamfuta."
Kwamfuta ta ce wani abu ne kamar ƙwallon dabino,
babu a nan, babu a Kaduna,
sai Legas, kuɗin buhun masara huɗu.
Sati uku ina tsaron a-daidaita-sahu,
makullin miliyoyi na kwance a aljihu.

Na zauna da biro, halin akawu.
Shafin hasara ya cika har ya juya baya.
Na ce gobe dillali zai gan ni.

Daren nan Yaya Tasalla ta kasa miƙewa.
Ƙashin baya. Wata biyu rabonta da barcin kirki.
Muka kwantar da kujera, muka shimfiɗe ta,
muka nufi Shika.
Ramukan da na sani ɗaya bayan ɗaya
motar ta haɗiye, ba ta gaya mata ba.
Kafin gadar Kubanni na ji numfashi ya sauya.
Na leƙa madubi:
baki a buɗe, carbi ya zame daga yatsu.

Na sassauta ƙafa.
Na wuce ƙofar asibitin da gangan,
na miƙa hanyar Giwa, na juyo a hankali,
allura na faɗuwa, ina kallonta,
ban ce mata uffan ba.

Biron na nan inda na bar shi.
Ban san shafin da zan sa wannan ba.
Dillali ya kira sau biyu.
Jiya fitilar ta sake kunnawa.